Yadda ake riƙe injin bofin kada ya ci fenti, kada ya ci hannu

A garejinmu da ke hanyar Dukku, a nan cikin Gombe, akwai wata tsohuwar rigar shadda ruwan toka rataye a ƙusa, hannunta na hagu a yage tun daga wuyan hannu har kafaɗa. Tawa ce. Duk yaron da mahaifinsa ya kawo mini koyon fenti, kafin in nuna masa inda ake ajiye sanfefa, sai na tsayar da shi gaban rigar nan.

Ranar wata Juma'a ce. Na yi wanka, na sa kaya, ina shirin tafiya masallaci, sai mai wata baƙar Corolla ya tare ni: "Oga, don Allah ɗan wuce min bonet ɗin nan sau ɗaya, akwai inda bai tashi ba." Na ce ai minti biyu ne, na ɗauko injin bofin, wato injin da muke goge fentin mota da shi don ya yi sheƙi. Ban ga lokacin da gashin soson ya cafki bakin hannun rigar ba. Na dai ji injin ya nannaɗe ta ya hawo hannuna, kansa ya daki haɓata. Allah ya so shaddar ta sha wanki ta yi laushi, sai ta yage. Da sabuwa ce mai ƙarfi, da ba rigar kaɗai za a rataye ba. Juma'ar da ban samu ba ke nan, na kuma yi mako biyu ina cin tuwo da gefen baki.

Abin da ke cutar mutane game da injin nan shi ne ba ya ba da tsoro. Giranda ta masu walda tana ihu tana watsa tartsatsi, ko yaro ya gan ta zai ja baya. Shi kuwa injin bofin bakinsa gashin tunkiya ne ko soso, abin da za ka iya shafawa a kumatu. Amma abin da ke juya soson nan inji ne mai ƙarfin wat 1,200 ko kusa da haka, an kuma rage masa gudu da giya don ya ƙara ƙarfin murɗa. Idan ya kama abu ba ya saki, nannaɗewa yake yi.

Ka fara sanin wane inji ne a hannunka

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda yake juyi zalla kamar fanka, shi ne yawancinmu masu fenti muke riƙewa, faifansa inci 7, wato milimita 180, gudunsa daga wajen juyi 600 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Yana cin aiki da sauri, yana kuma ƙona fenti da sauri. Akwai kuma wanda yake juyi yana karkarwa lokaci guda, idan ka danna shi da yawa sai faifan ya daina juyawa. Wannan ya fi lafiya ga mai koyo da mai son ya riƙa goge motarsa a gida, sai dai yana da jinkiri. Mafi yawan maganata a kan na farkon take, don shi ne mai cizo.

Ga kuma abin da nake gani a wajen masu wankin mota, wanda yake tayar min da hankali: mutum ba shi da kuɗin injin bofin, sai ya ɗauko giranda ya kwance faifan yankan ƙarfe ya ɗaura soso. Abin takaici yana shiga daidai, saboda yawancinsu zaren bakinsu ɗaya ne, wanda ake rubutawa M14. To shiga daban, dacewa daban. Ƙaramar giranda mai inci 4 da rabi tana juyi wajen 11,000 a minti, babba mai inci 9 wajen 6,500, kuma yawancinsu ba su da abin rage gudu. Ɗauki biro ka yi lissafi da kanka. Soso mai milimita 180, idan yana juyi 1,500 a minti, bakinsa yana tafiyar kusan kilomita 50 a awa. A kan ƙaramar giranda, bakin soson nan zai haura kilomita 370 a awa. Babu fentin da zai jure wannan, kuma faifan roba da soson ke manne a kai ba a yi shi don wannan gudun ba, tarwatsewa zai yi ya nufi fuskar wanda ya fi kusa. A bayan kowane faifan kirki an rubuta iyakar gudun da zai ɗauka, kusa da haruffan RPM. Lambar da ke jikin faifan dole ta kai ta jikin injin ko ta fi ta. Faifan da babu rubutu a jikinsa, ni ba na saye.

Idan na hannu za ka saya, irin waɗanda ake zubewa cikin kayan kwantena, karanta ɗan allon da ke jikinsa. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Injin da aka yi don Amurka bolt 120 ne, ka jona shi kai tsaye zai yi wani irin gudu na ɗan lokaci, ya yi hayaƙi, shi ke nan. Sai da taransifoma mai sauke wuta, wadda ƙarfinta ya fi na injin. Na Amurka kuma zaren bakinsa daban ne, faifan da ke kasuwarmu ba zai hau ba. A kan allon dai, nemi alamar ɗan akwati a cikin akwati. Ma'anarta an rufe wutar injin rufi biyu, ba ya buƙatar wayar at, wato wayar da ke kai wuta ƙasa idan ta zubo a jikin inji. Idan babu alamar nan, to filoginsa dole ya zama mai ƙafa uku, soket ɗinka kuma ya kasance da at na gaskiya.

Maganar wuta

A nan zan daɗe, domin littafin da ke zuwa cikin kwalin injin an rubuta shi ne don ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Mu kuwa, ko da sunan kamfanin ya koma JED, bakinmu bai daina cewa NEPA ba, halin wutar ma mun san shi.

A gefen makunnin injin akwai wani ɗan maɓalli da ake dannawa ya kulle makunnin a kunne, don kada yatsa ya gaji. Kana cikin aiki da shi a kulle, sai a ɗauke wuta. Me kake yi? Ka ce "kai, NEPA!", ka ajiye injin a kan bonet, ka tafi shan ruwa. Injin nan a kunne yake, wuta kawai yake jira. Da an dawo da ita, ko yaron shago ya tayar da janareta, zai tashi shi kaɗai ya yi tsalle, ya kwashi fenti, ya fasa gilas, ko ya sami ƙafar wani. Wasu sababbin injina suna da abin da ke hana su tashi da kansu bayan an ɗauke wuta, amma kada ka ɗauka naka yana ciki. Dokar garejina ita ce, wuta na ɗaukewa, yatsa ya saki makunni, hannu ya zare filogi, sannan baki ya yi ƙorafi. Haka kuma kafin ka jona filogi kowane lokaci, danna makunnin ka saki, ka tabbatar ba a kulle yake ba. Masu koyo kuwa na hana su taɓa maɓallin nan gaba ɗaya.

Ƙaramin janareta da ake yi wa laƙabi da "na fi maƙwabcina" bai kai wat 1,000 ba, ba zai ja injin nan ba. Zai yi ta nishi, injin ma na nishi, ƙarshe ɗayansu ya ƙone. Nemi mai 2.5kVA ko sama, ka bar shi ya daidaita kafin ka jona, ka kuma ajiye shi a fili nesa da inda kuke numfashi, nesa da galan ɗin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Idan wutar layi ta zo ba ƙarfi, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, haƙura. Injin zai yi nauyi, fankar da ke sanyaya shi ba za ta yi gudun kirki ba, sai ka ji warin ƙonewar kwayil, wato wayar da ke naɗe a cikin injin.

Wayar jona kuma ta zama mai kauri, wadda masu wayarin suke kira 1.5 aƙalla, idan tafiyar da nisa 2.5. Siririyar wayar da ake ɗaura wa fitila ba ta wannan aikin ba ce. Idan mai naɗi ce a kan gangarta, warware ta duka, domin waya a naɗe tana tara zafi har robarta ta narke. Cusa tsiraran waya cikin soket a tokare da tsinken ashana, wannan kowa ya san mun iya, kowa kuma ya san wanda ta taɓa ja. Sayi filogi. Inda waya ta yanke aka ɗaure da leda, canza ta gaba ɗaya, musamman daidai inda take shiga gindin injin, nan ne take yawan karyewa daga ciki.

Masu wankin mota, ku ne kuka fi kowa shiga haɗari, don ƙasarku kullum a jiƙe take. Ruwa, tsirarar ƙafa, da kan inji na ƙarfe, an gama haɗa masifa. A gama wanki, a matsar da motar busasshen wuri, a tsane ta, sannan a fito da inji. Sa takalmi rufaffe mai tafin roba, ba silifas ba. Akwai wata 'yar na'ura da masu wayarin suke kira RCD, wadda aka rubuta 30mA a jikinta. Da wuta ta fara bin jikin mutum sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Birekar da ke allon mita ba ta yin wannan aikin, ita waya take karewa, ba mutum ba. Ka sa mai wayarin ya ɗaura maka ita a layin da kake jona inji, ka riƙa danna maɓallin gwajinta lokaci zuwa lokaci.

Abin da za ka sa da abin da za ka cire

Na riga na ba ka labarin riga. Ƙara da jallabiya, babbar riga, rawani, mayafi, hirami a kafaɗa, carbi a wuyan hannu, agogo, zobe, igiyar laya, tazugen wando da ke reto, da wayar sauraron waƙa da samari ke saƙalawa a kunne. Duk a cire. Riga mai gajeren hannu, a cusa ta cikin wando. Safar hannu idan za ka sa, ta zama mai kama hannu tsam. Mai faɗi irin ta masu walda ta fi rashinta haɗari. Bel mai kan ƙarfe kuma juya shi gefe, ba don lafiyarka ba, don ƙofar motar mutane.

Tabarau na aiki dole ne, mai rufe gefe. Man gogewa da muke kira kamfawun gari ne mai kaifi aka dama da mai, injin kuma yana fesa shi ko'ina. Takunkumi ma haka, wanda aka rubuta N95 ko FFP2, ba ƙyallen da aka ɗaura a hanci ba. Abokan sana'ata suna da imanin cewa gwangwanin madara bayan aiki yana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ka sha don daɗi, ban hana ba. Idan kuma za ka wuni da injin, toshe kunnenka, domin ƙarar da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, tana cin ji a hankali, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa.

Kafin soso ya taɓa mota

Ƙasar Gombe yashi ce, da hunturu kuma ƙura ba ta neman izini. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta shiga soso, ta zama wuƙa, za ta zana maka da'ira a duk inda ka bi, baƙar mota kuwa ba ta rufa asiri. Motar da ta fito daga hanyar Ashaka ko ta sha jar ƙasar ƙauye, wanki biyu nake sa a yi mata. Bayan ta bushe, shafa bayan yatsunka a jiki. Idan ka ji gurzi-gurzi, ba ta wanku ba. Da hunturu nakan sa a yayyafa ruwa a ƙasa nesa kaɗan da motar tun da safe don ƙura ta kwanta, ya tsotse kafin mu fara, kuma kowane ɓangare sai an sake share shi dab da sa masa inji.

Kada ka yi bofin cikin rana. A watan Maris da Afrilu bonet ɗin da ya sha ranar Gombe ba ya taɓuwa, kamfawun zai bushe nan take ya daskare, zafin injin ya haɗu da na rana. Rumfa ta fi. Inuwar maina ma tana yi idan babu yadda za a yi, amma tana zubo da 'ya'ya da ganye, tsuntsaye kuma ba sa jin kunyar kowa.

Sai ka san kaurin abin da kake ci. Fentin mota daga kamfani, duka-dukansa da faramarsa (shafin farko na ƙasa) da launinsa da kiliyar da ke sama, bai wuce kaurin takarda ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Ita kiliyar, wadda ita ce sheƙin, ba ta kai rabin takarda ba. Bofin ba ƙara wa mota komai yake yi ba, kankare saman kiliyar nan yake yi har ƙarcen ya baje. Shi ya sa nake tambayar mai mota ko an taɓa yi mata, sau nawa. Akwai masu kawowa duk jajiberin Sallah, nakan ce, "Alhaji, wannan karon kakin sheƙi kawai za mu shafa mata da hannu, ba ta da sauran abin da za a ci." Wani ya ji, wani ya tafi gaba a yi masa, ya dawo bayan Sallah neman fenti. Ƙarcen da farcenka ke maƙalewa a ciki ya riga ya yi zurfi, inji ba zai fitar da shi ba, kada ka yi wa kowa alkawari.

Ɗauki salatif na takarda ka rufe robobin gilas, baƙar roba, tambarin mota, bakin fitilu, da duk wani kaifin layi na jikin motar, don a kan kaifi fenti ya fi sirancewa. Eriya a kwance ta. Waifa a ɗaga ko a rufe. Duk abin da soso zai iya kamawa, zai kama.

Ɗaura faifai da soso kuwa, filogi a zare ake yi. Ba kashe makunni ba, zare filogi. Akwai maɓalli a kan injin da ke riƙe sandar juyi don ka ɗaure faifai. Kada ka kuskura ka danna shi injin na juyawa, haƙoran giya za ka zubar. Soson ya zauna a tsakiya daidai. Idan ya karkace, injin zai riƙa girgiza, kafaɗarka ce za ta biya. Soson gashi ya fi ci, na cire zanen sanfefa ne mai lamba 1500 ko 2000 bayan sabon fenti. Soson katifa mai tauri na tsaka-tsaki ne, mai laushi na gamawa. Kowane mai da sosonsa, ba a haɗawa. Fara da mai sauƙin ci a wani ɗan lungu ka gani; idan ya yi, ba ruwanka da mai ƙarfi. Sabon fenti kuma ba a hanzarta masa, bi abin da aka rubuta a gwangwaninsa, ni dai ba na sa wa na jiya da yamma inji da safe.

Riƙo da tafiya

Wayar injin ta bi ta kan kafaɗarka ta sauka bayanka. Kada ta yi reto a gabanka, kada ta kwanta a kan mota. Hannu biyu kullum, ɗaya a gindi wajen makunni, ɗaya a mariƙin gaba. Waɗanda suke kwance mariƙin don wai yana tare su, ranar da injin ya fizge za su neme shi. Buɗe ƙafafunka ka tsaya da kyau. Rufin babbar mota a hau benci mai ƙafa huɗu, ba jarka ko taya ba. Yara masu kallo da masu talla a matsar da su.

Ɗiga man kaɗan, ɗigo huɗu ko biyar kamar ƙwayar wake. Yawan mai ba ya ƙara sheƙi, fantsama kawai yake yi ya toshe soso. Dangwala soson a wurare cikin fili kamar ƙafa biyu tsawo ƙafa biyu faɗi, iyakar abin da za ka yi a tashi ɗaya ke nan. Ɗora soson a jikin motar, abin saita gudun injin yana kan lamba ta ɗaya, sannan ka kunna. Ka kunna a sama, kai da bango da mai mota duk za ku sha fesi. Baza man a hankali, sannan ka ɗaga zuwa wajen juyi 1,200 ko 1,500. Ni da wuya in haura 1,800 a kan fenti. Lambobin saman nan da ke kan injin, bar su.

Tafi a hankali, kamar mai guga, daga hagu zuwa dama, kowane layi ya hau rabin na baya, sannan ka sake bi daga sama zuwa ƙasa. Abu biyu ne haram a nan: tsayawa wuri ɗaya, da danne injin da ƙarfin ƙirji. Nauyin injin da ɗan taimako kaɗan ya isa. Soson ya kwanta kusan shimfiɗe. Idan ka kafa shi a kan bakinsa, duk zafin ya taru a wuri kamar faɗin yatsa biyu, kuma nan ne ake samun zanen nan mai kama da saƙar gizo-gizo da ke fitowa idan rana ta haska. Bayan kowane zagaye, ɗora bayan hannunka. Ɗumi ba laifi. Idan ba za ka iya barin hannun a wurin ba, matsa wani ɓangaren ka dawo. Bamba ta roba ta fi ƙarfe saurin lalacewa, don ƙarfe yana baza zafi, roba tana riƙe shi wuri ɗaya, sai ka ga fenti ya tattare kamar fatar tsoho. A kan bamba rage gudu sosai.

Yanzu ga abin da ya fi wuyar koyarwa da baki, wato bakin ƙofa, bakin bonet da bakin madigadi. Idan kana kallon injin daga sama, soson yana juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya. Ke nan a kowane lokaci, wani gefen soson yana fita daga kan ƙarfen, wani gefen yana shigowa. Gefen da ke shigowa, idan ya ci karo da bakin ƙarfe, kama shi yake yi: ko ya ɗebe fentin bakin nan take, ko ya fizge injin daga hannunka ya jefo maka. Don haka ɗan karkata injin kaɗan yadda gefen da ke sauka daga kan ƙarfe zuwa waje shi ne kawai yake taɓawa, kamar mai share ƙasa daga kan tebur zuwa ƙasa. Yarana a kan wata tsohuwar ƙofar Golf da muka jingine suke koyon wannan, wata guda, kafin su taɓa motar kowa. Ƙofar nan an ƙona ta ya fi a ƙirga. Lungun da soso ba ya shiga da sauƙi, kamar ƙarƙashin mariƙin ƙofa da gefen madubi, yi shi da hannu da tsumma.

Dubi sosonka akai-akai. Idan motar mai kiliya ce ka ga launinta a jikin soso, tsaya, ka riga ka huda, ƙarin gogewa faɗaɗa ramin zai yi. Je ka faɗa wa mai mota gaskiya tun bai gani da idonsa ba. Tsofaffin motoci da wasu fentin da aka yi ba kiliya, irin na Keke da motocin haya, su dama suna ba da launi, wannan ba komai.

Idan soso ya cika da mai ya yi tauri, mu dai mun saba kifa injin mu kunna mu kafa masa sukundireba. Na daina tun ranar da na ga sukundireba ta tashi sama ta faɗo a kan gilashin wata mota. Ka tanadi soso biyu ko uku, wanda ya cika ka cire ka sa wani, ka goge na farkon da buroshi a hannu. Da ka gama zagaye, saki makunni, bari soson ya tsaya cak, sannan ka kwantar da injin a kan bayansa, soso na kallon sama, a kan benci ko kwali. Kada ka tsayar da shi da tafin hannu ko da cinya. Duk rabin awa ka huta. Idan yatsunka suka fara yin zir-zir ko suka mutu, girgizar injin ce, kuma wanda ya yi shekaru yana ƙyale wannan yakan wayi gari ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa.

Wanda yake goge ƙarfe da shi, kamar ƙofar silba, rim, ko tukunyar alminiyam, ya ƙara kula da abu biyu. Ƙaramin abu a ɗaure shi a bais ko a danne da kilam, wato ƙarafan da ake matse abu da su, ba a riƙe da hannu ɗaya ko a taka da ƙafa ba. Garin alminiyam kuma yana kama wuta idan ya taru, a share shi kullum, kada a bar shi inda tartsatsin walda ke sauka. Shi kansa injin yana ƙyasta ɗan tartsatsi a cikinsa wajen kabon, 'yan gawayin nan da ke kai wuta ga abin da ke juyi, saboda haka ba a kunna shi kusa da buɗaɗɗen galan na tina ko fetur, ko a ɗakin da aka gama feshi yanzu.

Idan tsautsayi ya faɗa

Wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu, za ku zama biyu. Zare filogi ko ka kashe janareta. Idan sun yi nisa, ture shi da busasshen katako kana tsaye a busasshen wuri. Kada a ɗura masa madara ko ruwa yana sume, shaƙe shi za a yi. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri ana neman mota. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Abu ya faɗa ido, ba a murzawa, ba a sa harshe ko tsinke. A yi ta zuba ruwa mai tsabta, idan bai fita ba a tafi wajen likitan ido. Ƙuna ko gurjewar soso a zuba mata ruwan sanyi na minti 20, ba man goge baki ba, ba baƙin mai ba.

Bayan an tashi

Zare filogi ta kansa, ba ta jan waya ba, kuma kada a ɗauki injin ta wayarsa kamar an kamo ɓera. Hure ramukan shan iskarsa da iskar kwamfireso, don ƙurar hunturu da gashin soso suna toshe su. Idan ka fara ganin wuta mai yawa ta ramukan, ko injin na yankewa yana dawowa, yawanci kabon ne ya cinye. Guda biyu ne, a canza su tare, da irin lambarsu, kada a fere na wani injin a cusa. Idan an canza wutar ba ta ragu ba, kai wa mai gyara ya duba amaca, wato abin da ke juyi a cikin injin.

Sosuna a wanke su da ruwa da ɗan sabulu, a matse, a shanya a inuwa suna kallon ƙasa, idan sun bushe a sa kowanne cikin ledarsa a ɗaure. Motar kuma kada ka sallame ta a ƙarƙashin rumfa, a nan kowace mota kyakkyawa ce. Goge ragowar man da tawul mai laushi, ka fito da ita rana ka zagaya ta kana duban ta a karkace. Idan magariba ta yi, haska fitilar wayarka a jikin ƙofa. In ka ga saƙar gizo-gizo, mayar da ita ciki, ka ɗaura soso mai laushi da man gamawa, ka sauke gudu zuwa wajen 1,000, ka sake bi.